Babi na Huɗu: Ƙiftawar Hankali

A shekarar 1969 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Richard Warren, da ke koyarwa a Jami'ar Wisconsin ta Milwaukee a Amurka, ya wallafa sakamakon wani ɗan gwaji a mujallar Science, shi da abokan aikinsa. Kayan gwajin ba su taka kara sun karya ba. Sautuka huɗu ne kacal: huci irin na iska, da ƙugi mai kauri, da wani amo siriri mai kama da fito, sai wasalin "ii" daga bakin mutum. Suka yanke kowanne ya zama milisakan 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Suka jera su a tef, suka liƙe bakin tef ɗin da ƙarshensa ya zama zobe, yana ta zagayawa ba tsayawa. Aka kunna wa ɗalibai, aka ce su saurara iya son ransu, in sun gamsu su faɗi wanne ke bin wanne.

Duk sun ji sautukan, kowa zai lissafa maka su huɗun ba gargada. Jerin ne ya gagare su. Mutum zai zauna zoben yana zagaya masa sau ba adadi, ya tattara hankalinsa wuri ɗaya, daga ƙarshe amsar da zai bayar ba ta fi ta mai canki-canka ba. Da aka cire sautukan aka sa lambobi huɗu da aka furta da Turanci, su ma kowace milisakan 200, sai kowa ya jera su daidai ba wata wahala. Sautukan farko kuwa sai da aka ja kowanne ya kusa milisakan 700 kafin wanda bai saba ba ya iya faɗar jerinsu da baki.

Laifin ba na kunne ba ne, kuma an san haka tun kafin Warren. Shekara goma baya, a 1959, Ira Hirsh na cibiyar nazarin kurumta da ke St. Louis ya nuna cewa tazarar milisakan 2 ta ishi kunne ya gane sauti biyu ne ba ɗaya ba, kuma da kimanin milisakan 20 mai sauraron da ya samu horo zai gaya maka wanne ya riga wanne. Ke nan kunne na rarrabe abin da ya fi na gwajin Warren ƙanƙanta sau goma. Maganar yau da kullum ma shaida ce. Baƙaƙe da wasula sama da goma kan fita daga bakin mai magana cikin sakan guda, amma ba a ce wa mutum "rami" ya ji "mari", alhali sautukan iri ɗaya ne, mazauninsu ne kawai ya sauya.

Bayanin da Warren ya bayar ya kwanta mini a rai. Kalmar da ka sani ɗungurungum kake kama ta, ba sai ka tsaya tantance ta baƙi-baƙi ba. Baƙon sauti kuwa sai ka kama shi, ka juya shi, ka raɗa masa suna a zuci, ka ce wannan hucin ne, kuma kafin ka gama na biyu da na uku sun yi gaba. Daga baya aka ba mutane katuna huɗu masu ɗauke da sunayen sautukan, aka ce su jera su a kan tebur maimakon su faɗa da baki, sai lokacin da suke bukata ya sauko zuwa wajen milisakan 300. Kunnen bai sauya ba, aikin da aka ɗora wa hankali ne ya ragu. Abin da ke cin lokaci shi ne mai da abin da kunne ya ɗauka ya zama abin da mutum ya san ya ji.

Binciken wannan ƙunci na hankali ya samu gindin zama ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da muryoyi suka yi wa matuƙan jirage da ma'aikatan hasumiya yawa a rediyo. A 1953 Colin Cherry, injiniya ɗan Ingila, ya sa wa mutane iyafis, kunnen dama magana daban, na hagu magana daban, ya ce su bi ɗaya suna maimaitawa. Da aka tambaye su abin da ya gudana a ɗaya kunnen, sun lura idan muryar namiji ta koma ta mace, amma an sauya harshen daga Turanci zuwa Jamusanci ba su sani ba. Neville Moray ya ƙara a 1959: an maimaita wa mutane jerin kalmomi sau 35 a kunnen da ba sa bi, ba su tuna su ba, sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku sun ji sunansu da aka ambata. Tsakanin waɗannan biyun Donald Broadbent, wanda ya yi aikin sojan sama kafin ya koma bincike a Kambirij, ya fitar da littafinsa na 1958 da ya kafa ra'ayin cewa akwai wata matsattsiyar mashiga tsakanin kunne da sani. Sai dai akasarin wannan aiki a kan muryoyi biyu ne masu zuwa lokaci ɗaya. Tambayar da zoben Warren ya tayar daban ce: murya ɗaya ce, ba mai katse ta, abubuwan ne kawai ke zuwa a guje, wani na bin wani.

Amsa mafi tsabta ta fara fitowa ne ta wajen ido. Broadbent da matarsa Margaret sun hango ta a 1987, amma Jane Raymond da Kimron Shapiro da Karen Arnell ne suka auna ta dalla-dalla a Jami'ar Calgary ta Kanada a 1992. Ga yadda zaman yake. Kana gaban kwamfuta, haruffa baƙaƙe na walƙawa a wuri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, kusan 11 a sakan guda. Harafi ɗaya fari ne, shi aka ce ka faɗa. Bayansa harafin X kan fito a wasu zagaye, a wasu ba ya fitowa, kuma an ce ka lura da shi ma. Idan X ɗin ya zo tsakanin milisakan 180 da 450 bayan farin harafin, sau da yawa za ka rantse bai fito ba. Idanunka a buɗe, kana kallon wurin ƙyam, amma ya wuce ka. Idan ya jinkirta ya haura rabin sakan, za ka gan shi sarai. Abin da ya ba gwajin ƙarfi shi ne zagaye na biyu: haruffan nan dai, saurin nan dai, amma aka ce ka rabu da farin, X kawai za ka nema. Nan da wuya ya kuɓuce maka, ko a ina ya faɗo. Kama na farko ne ke jawo asarar na biyu. Masu binciken suka kira abin ƙiftawar hankali.

Ido na da fata, yana ƙiftawa ana gani. Kunne a buɗe yake dare da rana, shi ya sa aka ɗan jima ana jayayya kan ko ji ma yana da irin wannan giɓi. A 1997 John Duncan na wata cibiyar bincike a Kambirij da Broadbent ya taɓa shugabanta, shi da Sander Martens da Robert Ward, suka wallafa a mujallar Nature cewa yana da shi. Sun yi amfani da gajerun kalmomi da ake furtawa da sauri cikin murya mai kauri da murya siririya, kuma wanda ya kama kalma ta farko yakan sha wahalar ta biyu idan ta biyo da wuri. Amma da suka sa ɗaya ta zama ta ido ɗaya ta kunne, ba su ga cikas ba, sai suka ce kowace gaɓa da nata rabon hankalin. Shekara guda bayan haka Mary Potter ta MIT da abokan aikinta suka ja da maganar. A ganinsu abin da ake gani a ji ba ƙiftawa ba ce ta haƙiƙa, lokacin da mutum ke ɓatawa ne wajen sauya aiki, daga neman abu kaza zuwa neman wani iri. A 1999 Karen Arnell da Pierre Jolicoeur suka samu giɓin a ji, har ma tsakanin ji da gani, musamman idan aka ƙara wa sautukan sauri.

Maganar tsakanin ido da kunne har yau akwai saɓani a kanta. Ta cikin kunne kuwa hujjoji sun taru. Todd Mondor a Kanada ya nuna giɓin tun 1998 da sautuka zalla, ba kalma ko ɗaya, daga baya shi da Dawei Shen suka faɗaɗa aikin. Ana sa maka iyafis, a sako gajerun amo a jere, kamar goma a sakan, a ɓoye guda biyu masu wata alama a tsakiyarsu. Ka kama na farko, na biyu ya sulale. An kuma lura da bambance-bambance biyu. A ido, abin da ya biyo na farko nan take yakan tsira, kamar sun shige tare, sai na bayansa ne ke faɗawa ramin. A kunne galibi ba haka ba ne: asarar ta fi muni dab da sautin farko, sannan ta riƙa raguwa a hankali. Kuma giɓin kunne yawanci bai kai na ido zurfi ba.

Dalilin sauƙin nan yana da alaƙa da wani abu da kowa ya taɓa yi. Wani ya yi maka magana hankalinka na wani wuri, ka ce "Na'am? Me ka ce?", amma kafin ya buɗe baki ya maimaita sai ka ji maganar ta iso, har ka ba shi amsa. Sautin bai gushe ba, amsa-kuwwarsa na nan a ƙwaƙwalwa tana jira. Gwajin Darwin da Turvey da Crowder na 1972 ya nuna takan jima 'yan sakanni ƙalilan. Ita ce ke ba hankali damar waiwayowa ya ɗauki abin da ya bari a baya.

Sai dai amsa-kuwwar nan ba ta da ƙwari, sautin da ya biyo baya yana share ta. Dominic Massaro ya auna wannan a 1970. Yakan sako amo na milisakan 20, mai sauraro ya faɗi ko na sama ne ko na ƙasa, sannan wani amon ya biyo. Idan na biyun ya zo da wuri, mutum ba ya iya faɗa. Yayin da ake ƙara shirun da ke tsakani, amsa na ƙara gyaruwa, har zuwa wajen milisakan 250. Ka lura, sautin farko ya riga ya ƙare kafin na biyu ya fara, amma duk da haka na biyun ya ɓata shi, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama karanta shi ba. François Vachon da Sébastien Tremblay na Jami'ar Laval a Kanada sun haɗa wannan da ƙiftawar a 2005, inda suka nuna giɓin kunne ba ya bayyana sai an samu wani sauti da ya biyo bayan abin nema na biyu ya rufe shi. In shiru ne ya biyo, yakan jira har hankali ya dawo kansa.

Da aka tattara waɗannan, bayanin da ya fi karɓuwa shi ne wanda Marvin Chun da Mary Potter suka tsara a 1995, cewa aikin hawa biyu ne. A hawa na farko ƙwaƙwalwa na karɓar kusan duk abin da ya shigo, da sauri, har ta ɗan gane shi, amma riƙon ba ya daɗewa. A hawa na biyu ne ake ɗaukar abu ɗaya a tabbatar da shi, a ajiye inda mutum zai iya tunawa ya faɗa, kuma wannan hawan ɗaya-ɗaya yake aiki. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Ta biyun tana nan a hannu, amma in wani ya zo ya buge ta kafin a gama da ta farko, shi ke nan. Akwai shaida daga ƙwaƙwalwar kanta cewa abin da ya ɓace ya shiga ciki. A 1996 Steven Luck da Edward Vogel da Kimron Shapiro sun auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa yayin gwajin ido da kalmomi, suka ga alamar da ke nuna an gane ma'anar kalma tana fitowa, ko da mutumin ya kasa faɗar kalmar.

Abin da ya fi damuna a duk wannan shi ne mutum ba ya jin giɓin. Wanda rediyonsa ya yanke ya san ya yanke. Wanda hankalinsa ya ƙifta kuwa maganar a haɗe take zuwar masa, sumul, ba alamar an gutsure wani abu. Wani ɗan'uwan wannan al'amari, wato kurumtar da shagala ke jawowa, ya nuna inda abin kan kai. Frédéric Dehais da abokan aikinsa a Toulouse ta Faransa sun sa matuƙa 28 a na'urar koyon tuƙin jirgi, suka haɗa su da muguwar iska dab da sauka, a daidai lokacin suka kunna ƙararrawar da ke gargaɗin matsalar tayoyin sauka. A rahoton da suka fitar a 2014, 11 daga cikinsu ba su ji ta ba. Kunnuwansu lafiya lau, kuma mutane ne da aka horar su saurari irin wannan ƙara.

Ka tsaya kusa da tagar karɓar magani a asibiti mai cunkoso ka saurara. Ma'aikaciya na miƙo ƙunshi uku, layi ya miƙe a bayan dattijon da ke gabanta. "Baba, wannan farin biyu da safe biyu da dare bayan abinci, wannan jan ɗaya kullum kafin ka karya, na ruwan cokali biyu sau uku, ka dawo bayan sati biyu." Numfashi ɗaya ta yi. Dattijo yana nan yana juya farin a hannu, yana nanata biyu da safe a zuci, jan da na ruwan sun wuce. Ya ce, "To, 'yata, na ji, Allah ya yi miki albarka." Ba ƙarya ya yi ba, a saninsa ya ji. Gaskiya ba ƙiftawa kaɗai ke aiki a nan ba, akwai iyakar abin da mutum ke iya riƙewa a kai lokaci guda, ga hayaniya, ga gajiyar rashin lafiya. Amma tushen ɗaya ne: kowace lamba abin kamawa ce, kuma ba a bar shiru tsakaninsu ba. Idan ya dawo ya sha magani ba daidai ba, shi za a ce bai saurara ba. Ni a ganina nauyin ya fi karkata ga mai magana, domin shi ne ke riƙe da saurin, shi kaɗai zai iya tsayawa.

Malamin allo ya daɗe da sanin haka a aikace. In zai biya wa almajiri karatu, gaɓa ɗaya yake karantawa ya yi shiru. Yaro ya maimaita. In ya kuskure a gyara nan take, in ya yi daidai a ƙara gaɓa. Shirun na hana sabon sauti share na baya, maimaitawar kuma na fallasa giɓin da yaron da kansa bai san da shi ba. Malamin nan dai, yana zaune yara da dama na ta karatu da ƙarfi kowa da inda yake, sai ka ji ya ɗaga murya ya yi wa wani gyara daga can gefe. Shi abin da ke shigo masa ba baƙon sauti ba ne, karatu ne da ya haddace, yana zuwa masa ɗungurungum kamar lambobin da ɗaliban Warren suka jera ba wahala. Saurin da ya fi ƙarfin almajiri bai kai ya dame shi ba, kuma malami nagari shi ne wanda bai auna yaro da kunnen kansa ba. Matuƙin jirgi ma doka ce ya maimaita wa hasumiya umarnin da aka ba shi na tsayi da hanya. Ko lambar waya, mai 11 a Najeriya akan karanta ta gida uku, huɗu da uku da huɗu, mai 8 a Nijar kuwa bibbiyu, kuma duk wanda ya taɓa karanta wa mai POS lambar akawun 10 a guje ya san za a ce masa ya sake.

Saura tambayar ko mutum zai iya rage giɓin da ƙoƙarinsa. Abin da akan ce wa yaro shi ne ya buɗe kunne, ya ƙara mai da hankali. Sakamakon da Christian Olivers da Sander Nieuwenhuis suka samu a Amsterdam a 2005 ya saɓa wa wannan. Mutanen da aka kunna wa kiɗa yayin gwajin ido, ko aka ce su riƙa tunanin hutunsu, sun fi kama abu na biyu a kan waɗanda suka duƙufa. Fassarar da suka yi ita ce mai matsa wa kansa yakan zuba wa abu na farko hankali fiye da kima, ya rasa na ba na biyu. A 2007 Heleen Slagter da abokan aikinta a Wisconsin sun auna mutanen da suka yi wata uku a keɓe suna horon natsuwa, suka ga giɓinsu ya ragu, kuma ƙwaƙwalwarsu ta rage abin da take kashewa a kan abu na farko. Waɗannan gwaje-gwajen ido ne, bai kamata a ɗora su kai tsaye a kan kunne ba, amma sun isa su sa mai tsawa ya sassauta. Yaron da aka daka wa tsawa ya tsorata, tsawar ce abu na farko da hankalinsa zai kama.

Akwai kuma 'yan tsirarun mutane da gwajin ido ba ya kama su. Sander Martens, wanda ya koma Groningen ta ƙasar Holan, ya bayyana su a 2006: ana watso musu haruffa a guje, suna kama na farko da na biyu kusan kowane lokaci, domin ƙwaƙwalwarsu na gama aikin farko da wuri, kuma ba ta ɓata ƙarfi a kan haruffan da ba a nema. A 2009 shi da abokan aikinsa suka sa wa irin waɗannan mutane iyafis, suka mai da gwajin na sauraro. A nan su ma sun riƙa rasa abu na biyu.